Kanumfari: Yadda A Ke Shaida Itacen Tsibirai

Daga Tawa har Damagaram babu uwargidan da ba ta san kanumfari ba. Da shi a ke daka yaji, da shi a ke gyara kunu da fura, mai ciwon haƙori kuma ya kan danna ƙwara guda a dasashi. Amma in an tambaya mine ne shi, wani ya ce saiwa ce, wani ya ce iri ne. Ba ko ɗaya daga ciki. Kanumfari fure ne wanda aka tsinke tun bai buɗe ba, aka shanya shi ga rana kwana 4 ko 5 har ya yi duhu.

Asalin itacen yana can tsibiran Maluku na ƙasar Indonesiya, kamar su Ternate da Tidore. A ƙarni na 17 kamfanin Holandawa ya so ya mallaki cinikinsa shi kaɗai, ya sa aka riƙa sare itatuwan ko'ina, aka bar na wajen tsibirin Ambon. A 1770 mutanen wani Bafaranshe, Pierre Poivre, suka fitar da dashe a ɓoye zuwa tsibirin Moris. Wajen 1818 ya isa Zanzibar da Pemba, a gabacin Afirka. A yau Indonesiya ce ta fi kowa noma shi, Madagaskar kuwa tana cikin manyan masu sayar da shi waje.

To, ƙaƙa a ke shaida itacen? Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ce. Masana tsirrai sun sa kanumfari cikin wani babban dangi da su ke kira Mirtase. Ƴan wannan dangi ba baƙinmu ba ne: gwaba tana ciki, da turare wanda a ke dasawa bakin hanyoyi, da malmo na bakin gulbi. Malmo ma ɗan ɗakinsu ne, don sunansa na ilimi Syzygium guineense, na kanumfari kuma Syzygium aromaticum. Wannan ɗaki kaɗai ya ƙunshi iri fiye da 1000, akasarinsu a ƙasashen zafi da tsibirai. Saboda haka masani ba ya yanke hukunci da alama guda. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce ganye. In aka ɗaga ganyen ɗan wannan dangi wajen hasken rana, za a ga ɗigo-ɗigo ƙanana kamar hudar allura. Cikinsu mai ya ke, shi ya sa in an murje ganyen ya kan yi ƙamshi. Ganyen kanumfari suna fitowa biyu-biyu, suna fuskantar juna a kan reshe. Suna da kauri da sheƙi, sababbi kuma ja-ja ne kafin su koma kore.

Ta biyu ita ce sura. Itacen ya kan kai metir 8 zuwa 12, ba ya kaɗe ganye, rassansa kuma suna miƙewa sama, kansa ya yi tsini.

Ta uku, wadda ta fi ƙarfi, ita ce fure. Furannin suna fitowa tari-tari a ƙarshen reshe. Kowane yana da doguwar ƙafa, da haƙora 4 a samanta, da ɗan dunƙulen kai a tsakiya. Surar ƙusa ke nan, shi ya sa da Faransanci a ke ce masa «clou», watau ƙusa. Ya kan fara da kore, sa'an nan ya yi ja. A lokacin nan a ke tsinke shi da hannu, tsawonsa bai wuce santimetir 2 ba. Wanda aka bari ya kan buɗe, ya zama ɗa mai duhun ja da ƙwallo guda a ciki.

Mai karatu na iya ganin wannan shaida ba tare da ya tafi Pemba ba. A jiƙa ƙwara guda cikin ruwan ɗumi, a buɗe kanta da allura. Za a tarar da ɓawo 4 a lulluɓe, a ƙarƙashinsu kuma zare-zare masu yawa, irin waɗanda a ke gani a furen gwaba. Yawan zaren nan tambarin dangin ne.

Ƙamshi fa? Shi ne ya fi ruɗin mutane. Abin da ke ba kanumfari ƙamshinsa wani sinadari ne mai suna ejenol, kuma ba shi kaɗai ke da shi ba. A tsibirin Jamaika akwai wani ɗan dangin, Pimenta dioica, mai irin wannan ƙamshi, amma ɗiyansa a ke shanyawa, masu kama da masoro. A nan gida ma akwai irin ɗoɗɗoya mai ƙamshin kanumfari, alhali ko dangi ba su haɗa ba. Kanumfari yana son ruwan sama fiye da milimetir 1500 a shekara da iska mai laima. Matsakaicin ruwan Yamai kuwa bai wuce 600 ba. Wanda ya nuna maka tsiro a fakon Sahel ya ce kanumfari ne don ƙamshinsa, ka nemi ganin furen.

Wannan sani yana da amfani a kasuwa, ga mai saye da ma'aikacin duwan baki ɗaya. A kan gauraya kanumfari da karan da ke riƙe furannin, ko da wanda aka riga aka tatse mansa. Na kirki yana da kai da haƙoransa 4, in an danna shi da farce mai ya kan fito. In an jefa shi cikin ruwa ya kan nutse ko ya tsaya a tsaye, wanda aka tatse kuwa sai ya kwanta bisa ruwa. Kafin a biya kuɗi, a duba kai, a danna da farce.