Baki Shi Ke Yanka Wuya: Darasi Daga Kisan Ƙare-Dangi Na Ruwanda

Daga watan Afrilu zuwa Yulin 1994, cikin kwana ɗari kacal, an kashe mutane kimanin 800,000 a Ruwanda. Mafi yawansu 'yan ƙabilar Tutsi ne, sai 'yan Hutun da suka ƙi goyon bayan kisan. Da adda da kulki aka yi mafi yawan wannan ɓarna, kuma sau da yawa wanda ya ɗaga addar maƙwabcin wanda aka sara ne. Mai jin labarin daga nesa zai ɗauka hauka ne ya sauko wa al'umma dare ɗaya. Alhali shiri ne da aka daɗe ana yi, kuma an fara shi da takarda da baki tun kafin a kai ga makami.

Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, Kinyaruwanda, a kan tsaunuka ɗaya suke zaune, suna kuma auratayya. A farkon shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka na Beljiyam suka fito da katin shaida mai ɗauke da ƙabilar mutum: Hutu, Tutsi ko Twa. Suka fifita Tutsi a makaranta da muƙamai, daga baya suka juya wajen Hutu. Rikicin 1959 ya kori dubban Tutsi zuwa Yuganda da sauran ƙasashe maƙwabta. 'Ya'yan waɗannan 'yan gudun hijira ne suka kafa ƙungiyar RPF, wadda ta shigo da yaƙi a watan Oktoban 1990.

Nan 'yan Hutu masu tsattsauran ra'ayi da ke kewaye da gwamnati suka samu abin fakewa. Jaridar Kangura ta buga wasu dokoki goma da ke kiran duk Bahutun da ya auri Batutsiya ko ya yi kasuwanci da Tutsi maci amana. A 1993 aka buɗe gidan rediyon RTLM. Kiɗa yake sakawa mai daɗi, masu gabatarwa suna barkwanci, matasa suka rungume shi. A tsakanin waƙa da waƙa ne ake kiran Tutsi kyankyasai, ana cewa suna shirin hallaka Hutu. A gefe guda ana horar da matasan Hutu 'yan ƙungiyar Interahamwe, ana kuma rubuta sunayen waɗanda za a fara da su.

Ranar 6 ga Afrilun 1994 aka harbo jirgin da ke ɗauke da shugaba Juvénal Habyarimana da takwaransa na Burundi a kusa da Kigali. Kafin gari ya waye an kafa shingaye a tituna. A kowane shinge sai a ce ka fito da katinka. Kalma ɗaya da ke jikinsa ita za ta yanke maka hukunci. Rediyo ya koma karanto sunaye da wuraren da mutane suka ɓuya. Waɗanda suka fake a coci-coci, kamar na Nyamata da Ntarama, a can aka rutsa da su.

Duniya kuwa ba za ta ce ba a faɗa mata ba. Tun watan Janairu kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, Janar Roméo Dallaire, ya aika gargaɗi cewa ana ɓoye makamai, ya nemi izinin ƙwace su, aka hana shi. Ana tsaka da kisan, Kwamitin Sulhu ya rage dakarun daga kusan 2,500 zuwa 270. Najeriya na cikin kwamitin a lokacin, kuma jakadanta Farfesa Ibrahim Gambari na cikin 'yan tsirarun da suka nemi a ƙara ƙarfin rundunar. Sojojin Gana sun tsaya ba su fice ba, wani kyaftin ɗan Senegal, Mbaye Diagne, ya yi ta kwashe mutane a motarsa yana tsallakar da su shingaye har aka kashe shi a ƙarshen Mayu. Kisan bai tsaya ba sai da RPF ta kama Kigali a watan Yuli.

Kotun ƙasa da ƙasa da aka kafa a Arusha ta Tanzaniya ta yanke wa firaministan lokacin, Jean Kambanda, ɗaurin rai-da-rai. A 2003 ta samu jagororin RTLM da editan Kangura da laifi, duk da cewa makaminsu makirufo ne da alƙalami. A cikin gida, kotunan gargajiya na gacaca sun saurari shari'o'i kusan miliyan 2.

Wannan salo bai tsaya a Ruwanda ba. 'Yan Nazi sun shafe shekaru suna kamanta Yahudawa da ɓeraye kafin su hallaka miliyan 6. A Myanmar, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna yadda aka yi amfani da Facebook wajen hura ƙiyayya ga Musulmin Rohingya, waɗanda sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh daga 2017.

Don haka alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Idan ka ji ana kiran wata al'umma da sunan ƙwari ko dabbobi, ana ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabilarsa ko addininsa gaba ɗaya, ana cewa mu riga su kafin su riga mu, to an hau hanyar. A yau kowa na da gidan rediyonsa a aljihu. Saƙon muryar da aka turo maka a WhatsApp yana zagin wata ƙabila, kai ne za ka zaɓa ko ya mutu a wayarka ko ya isa ga mutum ɗari. Malami a kan mumbari, ɗan jarida, mawaƙi da ɗan siyasa, nauyin da ke kansu ya fi na kowa, domin su ake saurara.