Karatun Duwatsu da Ruwan Rijiyarmu

 Yau za mu yi magana a kan wani karatu da ake yi a jami'a, sunansa jeyoloji, wato ilimin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Kada sunan ya ba ku tsoro. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya ana gina ta ya ga mafarin wannan ilimi. Magini ya fara fid da rairayi, sannan jar ƙasa, wani wuri marmara, wani wuri yumɓu, kafin ya kai ga yashi mai ruwa. Waɗannan hawa-hawa kamar shafunan littafi suke. Na ƙasa ya girmi na sama, domin shi ya fara kwantawa.

A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi wadda aka kafa a 2010, malamai suna koya wa ɗalibai karanta wannan littafi. Da farko sukan koyi sanin ma'adinai, wato ƙwayoyin da suka haɗu suka zama dutse, ta launinsu da taurinsu da nauyinsu. Sannan su koyi iri uku na duwatsu. Akwai wanda ya narke cikin ƙasa ya daskare, irin wanda ake gani a kudancin Madarumfa wajen iyakar Nijeriya. Akwai wanda ruwa da iska suka tara sannu sannu, kamar yashi da yumɓun ƙasarmu. Akwai kuma wanda zafi da danniya suka sāke masa kama. Karatun ba a aji kaɗai yake ba. Sukan fita daji da guduma da taswira, su ɗebo duwatsu su duba su da madubin ƙara girma.

Daga nan sai tarihin ƙasa. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza ta kwanta ne a gindin teku, shekaru miliyan 60 ko kusa da haka da suka wuce. Shaida ita ce ƙwaryar halittun ruwa da ake tsinta a duwatsun Adar. Gulbin Kaba ma, da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, babban kogi ne a zamanin da ruwan sama ya fi na yau. Yashin da ya bari shi ke riƙe ruwa. Shi ya sa rijiyar gulbi ba ta kai ta tudu zurfi ba, goriba kuma take jin daɗin wurin.

To, ina ruwan manomi da wannan? Ku tuna da Tibiri ta kusa da Maraɗi. Daga 1985 mutanen garin suka sha ruwan wata rijiya mai zurfi, irin wadda ake kira foraj. Ruwan garau yake a ido, amma ya kwaso wani sinadari mai suna fuluwor daga duwatsun ƙasa, fiye da kima. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka lanƙwashe, kafin a gane dalili. Awon ruwa tun farko da ya hana wannan masifa.

Saboda haka, in masu bincike sun zo garinku kafin a gina rijiya, ku taimaka musu. Ku gaya musu gaba nawa tsofaffin rijiyoyi suke, wacce ke ƙafewa da bazara, wacce ke da ruwan zartsi. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku rubuta wannan a littafi ku ajiye wurin mai gari. In an gina sabon foraj, ku tambaya ko an auna ruwan kafin a sha. Yaro ko yarinya mai son tsintar duwatsu kuma, ku bar shi a makaranta. Watakila shi zai nuna wa garinku inda ruwa mai kyau yake.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.