Injiniyan da ba ya riƙe sifana

Akwai ƙorafin da ake yawan ji a bakin iyaye a unguwar Asata da ke Enugu, musamman idan an taso daga Juma'a a masallacin titin Owerri. An biya kuɗin makaranta a IMT ko ESUT don yaro ya zama injiniya, sai ga shi kullum gaban kwamfuta yana jujjuya hoton ƙarfe mai ja da shuɗi. Babu baƙin mai a rigarsa, babu sifana a hannunsa. Wasu ma cewa suke wasa kawai yake yi.

Wannan magana tana damuna, domin waɗannan launuka lissafi ne tsantsa. Ɗalibi zai zana ƙarfen gada ko sandar inji a manhaja irin su SolidWorks ko ANSYS, ya faɗa wa kwamfuta irin ƙarfen, da nauyin da zai ɗauka, da inda aka ɗaure shi. Ita kuma sai ta daddatsa zanen gida dubbai, ta lissafa yadda kowane gutsure ke danna na kusa da shi. Inda ya yi ja, nan ne wahala ta taru, nan ne zai fara tsagewa. Sai ɗalibin ya ƙara kauri a wurin, ya sake gwadawa, ba tare da ya ɓata ko kilo ɗaya na ƙarfe ba. Jirgin Boeing 777 da ya fara tashi a 1994, a kwamfuta aka tsara shi kaf.

Tela mai hankali ba ya sa almakashi a shadda mai tsada sai ya fitar da yankan a takarda. To amma idan awon da ya ɗauka ba daidai ba ne, takardar ba za ta gaya masa ba. Haka kwamfuta take: abin da ka ba ta shi take lissafawa. A watan Agustan 1991, gindin kankare na dandalin haƙo iskar gas na Sleipner A ya nutse a ruwan Norway tun ana gwaji. Bincike ya gano cewa lissafin kwamfuta ya rage ƙarfin matsin da ke kan wasu bangaye da kashi 47 cikin ɗari, saboda ba a daddatsa zanen yadda ya kamata ba. Asarar ta kai kusan dala miliyan 700.

A nan ne iyayen suke da 'yar gaskiya. Ɗalibin da bai taɓa ganin an ja ƙarfe a injin gwaji har ya tsinke ba, ba zai gane lokacin da allo ya ba shi amsar banza ba. Kuma mun san halin hukumomi: a sayo kwamfutoci a yanka zare, a bar injinan ɗakin aiki suna tsatsa, wutar ma sai an yi sa'a.

Sabon tsarin karatu na CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 na darussa ta tsara da kanta. Ga cibiyar PRODA nan a Emene, wadda ke ƙera injina tun shekarun 1970. Jami'o'in Enugu su haɗa hannu da ita, duk abin da ɗalibi ya gwada a allo ya je ya ƙera shi ya auna. Ku kuma iyaye, idan hali ya yi, ku saya wa yaron kwamfuta mai ƙarfi, sannan ku tabbatar ya yi watannin horon aikinsa na SIWES a masana'anta ta gaske.