Wanda Ya Kashe Maciji Ya Kawo Kansa

 Duk wanda ya taɓa zuwa Daura ya san rijiyar Kusugu, ya kuma ji labarinta. An ce da gari ya waye aka tarar an kashe macijin nan Sarki, wanda ya hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, sai Magajiya Daurama ta sa aka yi shela, wanda ya yi wannan aiki ya fito. Mazaje suka yi ta fitowa, kowa yana cewa shi ne. Sarauniya ba ta yi gardama da kowa ba, abu ɗaya ta nema, a kawo mata kan. Ba wanda ya iya kawo shi sai baƙon nan Bayajida.

To, jama'a, wannan ita ce jarrabawa, watau rarrabe mai iyawa da mai da'awa. Da a ce wani ya sace kan da dare ya ba ɗan'uwansa, da an ɗaukaka matsoraci, ran da wani maciji ya sake fitowa kuwa a rasa mai tararsa. Abin da ya kawo wannan magana shi ne jarrabawar da 'ya'yanmu ke ɗauka don shiga makarantar likita, da yadda asirinta ke tonuwa ta cikin wayar hannu.

Yaron da ke son zama likita a Nijeriya lalle ne ya bi ta hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Fanni huɗu ake gwada shi a kansu: Ingilishi, da Bayoloji, da Kemistiri, da Fiziks. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, maki duka 400. Tun 2015 aka bar takarda aka koma kwamfuta, ana duba zanen yatsan kowa a bakin ƙofa, ba a kuwa shiga da waya. Masu ɗauka sun kusa miliyan 2 a shekara, gurbin likita kuwa kaɗan ne ƙwarai, gama hukumar likitoci ta ƙasa ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Saboda yawan jama'a ba a gamawa rana ɗaya, rukuni-rukuni ake shiga, har kwanaki.

Nan ne gizo ke saƙa. Yaro ya fito da safe, sai ya zauna ya rubuta abin da ya tuna, ya zuba a WhatsApp ko Telegram ko Facebook, ga mutum ɗari da ba su shiga ba tukuna. A zuciyarsa zumunci ya yi. Amma ku 'yan kasuwa kun san hukuncin mudun da aka lotsa gindinsa: mai awo ya ji daɗi, mai saye ya tafi gida da ragi. Tambayar da ta fita waje ta daina auna ilmi, sai dai ta auna wanda ke da waya da abokai. Ɗan manomin da ya kwana yana karatu da fitila a ƙauyukan Zango ko Baure, shi ne aka tauye wa mudu.

Kada a zaci abin wasa ne. A ƙasar Indiya, ran 5 ga Mayu 2024, mutum sama da miliyan 2 suka ɗauki jarrabawar shiga makarantun likita, sai aka gano an sace tambayoyin a garin Hazaribagh an kai su Patna tun ba a shiga ba. Aka yi ta kame, ƙasa ta yamutse, magana ta kai Kotun Ƙoli. Kafin wannan, a 2015, kotun ta soke irin wannan jarrabawa ɗungum, aka umurci yara fiye da 600,000 su sake zama, mai laifi da marar laifi. A Amurka kuwa, duk mai ɗaukar jarrabawar shiga makarantar likita sai ya yi alkawari ba zai faɗa wa kowa abin da ya gani ba. A 2024 hukumar jarrabawar lasisin likitoci ta can ta soke sakamakon mutum sama da 800, bisa zargin sun riga sun ga tambayoyin da waɗanda suka gabace su suka haddace suka tara.

Mu ma nan ba baƙon ciwo ba ne. A 1977 takardun WAEC suka fita har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A 1984, zamanin mulkin marigayi Janar Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari na Daura, aka yi doka mai ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa. Dokar 1999 da ta biyo baya ta yanke wa yaron da bai kai shekara 18 ba tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, malami ko mai sa ido kuwa shekara 4, ba zaɓin tara.

Me ya sa aka fi tsananta wa likita? Malamai sun san labarin Bagadaza. A shekara ta 319 ta Hijira, watau 931, wani majiyyaci ya mutu saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadiru ya umurci babban likitansa, Sinanu ɗan Sabitu, kada kowa ya ƙara taɓa marar lafiya sai an jarraba shi an ba shi izini. Aka jarraba wajen mutum 860. Haka yake a zaure: ba malamin kirki da ke ba da ijaza ga almajirin da ake raɗa wa karatu daga bayan zana. In mai ɗinki ya yi kuskure a warware, in magini ya yi a rushe. Wanda aka miƙa wa wuƙar fiɗa fa? Shekara 6 na karatun likita ba su gyara yaron da ya saba cin abin da bai noma ba, kuma wanda zai kwanta a gabansa wata rana, mai yiwuwa mahaifiyar wanda ya ba shi amsar ce.

Ba a hana taimako ba. Hukumar ta buga manhajarta, tana kuma shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske. Yaro na iya gaya wa ɗan'uwansa ya yi sammako, ya koyi taɓa kwamfuta, kada ya daɗe kan tambaya ɗaya. Abin da ke kan allon kwamfuta kuwa amana ce, a bar shi a ɗakin.

Saboda haka, attajiri, in ɗanka ya zo neman kuɗin sayen amsa, ka sani galibin masu sayar da ita 'yan damfara ne, in ma ta gaske ce haram ka saya masa. Ka biya masa kuɗin darasi ya fi. Malam kuma, in an kawo maka yaro neman addu'ar cin jarrabawa, ka haɗa masa da nasihar kame baki da kame yatsa. Asibiti rijiyar gari ce, sarki da talaka duk nan suke sha, kada mu zuba mata ƙasa da hannunmu.

Allah ya ba mu likitocin da suka kawo kan da kansu. Wassalamu.