Mai Juna Biyu, Me Ke Cikin Kofinki?

Tun ranar da aka fahimci kin samu ƙaruwa, na san kowa ya zama likitanki. Gwaggo ta aiko da jiƙo a galan, maƙwabciya ta ce ki dafa kaza da kaza ki riƙa sha da safe, surukarki kuma tana jira ki shiga wata na bakwai ta kawo maganin zaƙi. Duk ƙauna ce ta sa, Allah Ya saka musu. Sai dai cikin a jikinki yake, kuma yawancin abin da ya shiga jininki yana bi ta mabiyiya ya isa ga ɗan da hantarsa ba ta yi ƙwarin tace shi ba.

Abin da ke yaudarar mu shi ne mu ce ai ganye ne, ba maganin Bature ba. Ki tuna zaƙami ma tsiro ne. Tsiron da yake da ƙarfin yin magani yana da ƙarfin yin illa, kuma watanni ukun farko, lokacin da ake halittar zuciya da ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, su ne suka fi haɗari. Akwai tazara mai nisa tsakanin ɗan kanumfari ko kirfa da kika jefa a girki da cikin hannu guda da kika tafasa ya yi baƙi kina sha safe da yamma. Na farko kayan ƙamshi ne, na biyu ya zama magani.

Mu fara da shayin da babu mai zargin sa, wato na ganyen Lipton da ɗanyen shayi irin na ataya. Suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke ƙetarawa zuwa ga jariri. Hukumomin lafiya na Ingila da ƙungiyar likitocin mata ta Amurka sun ce kada mai ciki ta wuce miligiram 200 a rana, domin yawansa yana da alaƙa da ɓari da haihuwar jariri mara nauyi. Babban kofin shayi guda yana da kimanin miligiram 75, kofi irin na gwangwani kuwa kimanin 100. Ke nan kofi biyu na shayi ba laifi. Amma ki sa goro a lissafi, da lemon kwalba mai baƙi, don su ma suna da shi. Da yawanmu kwaɗayin ciki yakan kai mu ga goro, ana ɓantara kaɗan-kaɗan har a cinye biyu kafin magariba.

Wata illar shayin ita ce yana hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki ke yin jini. Ƙarancin jini kuwa ya yi wa matanmu masu ciki katutu. Idan kika kora ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ki wurin awo da shayi, kin rage mata amfani da hannunki. Ki sha ta da ruwa ko ruwan lemon zaƙi, ki bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu kafin shayi.

Citta ita ce aka fi bincike a kanta, kuma ta samu shaida mai kyau wajen rage tashin zuciyar laulayi. Yawan da aka fi gwadawa shi ne kimanin giram 1 na busasshiya a rana, wato kusan rabin ƙaramin cokali. Ki yanka ɗanya 'yar kaɗan a ruwan zafi, ki ɗiga lemon tsami da zuma. In ta yi yawa takan tayar da ƙwannafi, kuma wadda ke zubar jini ko take shan maganin tsinka jini ta tambayi likita tukuna. Na'a-na'a ma kofi ɗaya ko biyu ba matsala, in ba ta ƙara miki ƙwannafi ba.

Zoɓo fa? Na san a nan za mu saɓa da wasu. An tabbatar yana sauke hawan jini kaɗan ga manya, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi masu ciki sun sa masana suna ɗari-ɗari da shi. Ni dai shawarata ki haƙura da shi, musamman a farkon ciki. Idan kuma an ce jininki ya hau, kada ki kama zoɓo ki bar maganin asibiti, domin hawan jinin ciki shi ke kai mace ga jijjiga. Hulba ita ma ki ajiye ta sai jego, tana iya motsa mahaifa tana kuma sauke sukarin jini. Habbatus sauda, wadda hadisi ya yabe ta, barbaɗa ta a abinci daban, shan manta cokali-cokali da ciki daban. Wannan sai da izinin likita.

Shayin rage tumbi da ake talla, yawancinsa sanamaki ne a ciki, aikinsa murɗa da gudawa, ya bar ki ba ruwa a jiki. Ba na mai ciki ba ne. Haka tazargade da ganyen darbejiya da ake dafawa in zazzaɓi ya zo. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan shan dafaffen ganyen dangin tazargade a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro. Wannan zazzaɓi yana cinye jinin uwa, yana iya kashe ɗa a ciki. Ki je a gwada jininki a ranar, ki kuma karɓi ƙwayoyin rigakafin da ake bayarwa wurin awo bayan wata uku.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne haɗin da ba ki san me ke ciki ba, irin maganin zaƙi da na saurin naƙuda. Mai haɗawa ba ta da ma'auni, na jiya daban ƙarfinsa, na yau daban. Wasu saiwoyin suna sa mahaifa ta riƙa matsewa ba hutu alhali ƙofa ba ta buɗe ba. Jariri ya galabaita, wani lokaci mahaifar ta fashe, kuma haɗarin ya fi yawa ga wadda aka taɓa yi wa aiki ko ta haihu da yawa. Ko an nuna miki lambar NAFDAC a jikin kwalba, lambar ba ta nufin an gwada shi a kan masu ciki.

To yaya za ki yi da Hajiya in ta miƙo kofi? Ba sai kin yi musu ba. Ki karɓa da ladabi ki ce, "Hajiya, an ɗora ni a kan magani wurin awo, sun ce in kawo duk abin da zan sha su gani." Ya fi kyau maigida ne zai yi mata bayanin, don daga bakin ɗanta ba zai zama raini ba. Ranar awo ki tafi da ganyen ko kwalin a jaka, ki faɗi gaskiyar abin da kika riga kika sha ko da malamar asibiti za ta yi faɗa. Idan kuwa bayan shan wani abu kika ga jini, ko mara ta riƙa ɗaurewa, ko ruwa ya fashe, ko motsin ɗa ya ragu, kada ki jira gari ya waye, a nemi mota a kai ki asibiti a daren, ki riƙe ragowar abin da kika sha a hannu.