IN RUMBUN KWAMFUTA YA ƘI BAYYANA

A Karaye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu da aka haɗa cikin masarauta ɗaya a 2024, mai shagon buga takardu ya zama ma'ajin jama'a. Sakamakon jarrabawar 'yan makaranta, da takardun cinikin gona, da hotunan biki, duk yakan tara su cikin wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, watau rumbun ajiya na waje da a ke jonawa da waya. To, ran nan sai ya jona, kwamfuta ta yi shiru kamar ba a sa kome ba, ga kuwa mai takardar gona tsaye a ƙofa.

Kada ya firgita. Sau da yawa laifin waya ne, ko na ramin USB da ƙurar hunturu ta cika. Ya sake waya, ya sake rami, ya kuma gwada a wata kwamfuta. Ƙaramin rumbu ta wannan waya ya ke shan wuta, kuma tsohon rami miliamfa 500 kaɗai ya ke bayarwa, na USB 3.0 kuwa 900. In wuta ta gaza, faifan ciki, wanda yawanci ya ke juyi 5,400 a minti ɗaya, ba zai tashi ba.

In ya ɗora hannu ya ji yana juyawa lami lafiya, sai ya buɗe wurin da Windows ta ke kira Disk Management. Watakila rumbun yana nan, harafi ne kawai ba a ba shi ba, da ya ba shi kuwa sai ya fito. Amma fa a nan ne a ke yin ɓarna. Kwamfuta takan nemi a yi wa rumbun Format, mai gaggawa ya danna, ya share littafin da ke nuna inda kowace takarda ta ke. Lalle ya ƙi! Wanda aka tsara a kwamfutar Apple ma Windows ba ta karanta shi, alhali ba abin da ya same shi.

Abin mamaki, rumbun farko da kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1956 wajen megabait 5 kurum ya ke ɗauka, ga shi ƙato kamar kabad. Na yau ya shiga aljihu, amma har yanzu faifai ne da allura, ba su jure faɗuwa, ko jijjigar babur yana cikin aiki.

Saboda haka in aka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, a zare shi nan da nan, don allura ce ta ke neman karce faifai, kowane kunnawa ƙarin hasara ne. Kada a bari mai gyaran rediyo ya buɗe shi, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa. A naɗe shi da tsumma mai taushi a kai Kano wurin gwanayen ceto bayanai, a kuma yi cinikin aikin tun kafin su taɓa shi.