Gidan Hardwick: Ginin da ke Nuna Matsayin Mai Shi

Hardwick wani tsohon gidan sarauta ne da ke karkara, a gundumar Derbyshire ta ƙasar Ingila. Wata attajira mai suna Elizabeth, wadda aka fi sani da Bess, ita ce ta sa aka gina shi daga shekarar 1590 zuwa 1597, bayan rasuwar mijinta na huɗu, wani babban basarake mai riƙe da sarautar Shrewsbury. Robert Smythson ne ya tsara fasalin ginin. Gidan yana nuna yadda masu hali na wancan zamani ke bayyana matsayinsu ta hanyar gini.

Abin da mutum zai fara gani daga nesa shi ne tagogi. A lokacin gilashi yana da tsada ƙwarai, saboda haka yawansa alama ce ta dukiya. Gidan yana da hawa uku, kuma tagogin kowane hawa sun fi na ƙasa da shi tsawo. Akwai hasumiya shida, an sassaƙa haruffan ES da dutse a kan kowace, wato farkon sunan uwargidan da na sarautar mijinta. Da yake tagogi sun cinye bangon waje, sai aka gina yawancin murahu da bututun hayaƙi a jikin katangar tsakiya. Duk da haka gidan yana da sanyi sosai da hunturu.

Tsarin cikin gida ma haka yake: gwargwadon hawan mutum, gwargwadon darajar wurin. A hawa na ƙasa akwai ɗakin girki da wani dogon zaure wanda ya ratsa tsakiyar gidan daga gaba zuwa baya. A nan barori ke cin abinci. Hawa na tsakiya na uwargida ne da iyalinta. Hawa na sama kuwa an keɓe shi ne don manyan baƙi. Matakalar dutse mai faɗi ce ke kai mutum can, tana lanƙwasa sannu a hankali, ta yadda baƙo ba zai isa ba sai ya ga girman gidan.

A sama akwai ɗakuna biyu da suka fi shahara. Na farko shi ne babban ɗakin karɓar baƙi. An yi wa saman bangonsa ado da farar ƙasa mai launi, ana ganin daji da namun dawa da Dayana, allahiyar farauta a wurin Romawa. Na biyu wani dogon ɗaki ne mai tsawon kusan mita 50, inda ake tattaki idan ruwa ko sanyi ya hana fita. An shimfiɗa tabarmi a ƙasa, an kuma lulluɓe bango da manyan saƙaƙƙun dardumai 13 masu ɗauke da labarin Gidiyon na cikin Baibul. Bess ta saye su a 1592. Ban da ado, suna rage sanyin bango.

Bess ta rasu a 1608. Jikokinta sun fi zama a wani gidansu da ake kira Chatsworth, shi ya sa ba a sauya fasalin Hardwick sosai ba. A 1959 aka miƙa shi ga ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi, wadda ke buɗe shi ga masu ziyara.